Dalhatu Masani da 'Yan Kasuwa Talatin

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Ubale da ke bakin tashar Gumel ya san Dalhatu, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai zama a ƙarshen benci da jaridar bara a hammata da biro uku a aljihu, ɗaya ne kawai ke rubutu. Da can sana'arsa rubuta wa mutane wasiƙa da takardar koke. Yana da wata tsohuwar tafireta da ake jin ƙararta tun daga bakin titi. Sai waya ta shigo gari. Tsohuwar da a da take zuwa ya rubuta wa ɗanta na Legas, yanzu danna waya take yi ta zazzaga masa faɗa da bakinta. Tafireta ta koma ƙarƙashin gado, Dalhatu kuwa ya dawo bakin tebur ya buɗe sabuwar sana'a, wato sanin komai.

Shekara ashirin da suka wuce ya taɓa bin motar gero zuwa Damagaram, ya kwana biyu. A wannan tafiyar ce ya samo Faransanci, da sirrin cinikin ƙasa da ƙasa, da sunan da ya raɗa wa kansa: Masani. Tukunyar gidansa kuwa matarsa Bilkis ce ke ɗora ta, da zoɓon da take aika wa matan Nijar ta hannun direbobi.

Wata Litinin da safe farar mota ta tsaya a gaban teburin, wata mata mai tabarau ta fito ta yi sallama. Dakta Rabi'atu ce, malamar tattalin arziki a wata jami'a, 'yar asalin garin. Ta ce ɗaya daga cikin ma'aikatanta uku ya kwanta rashin lafiya, tana neman wanda ya san hanyoyin yankin, yana ɗan taɓa Faransanci da Fulatanci, kuma ya iya riƙe na'ura.

Kafin Ubale ya buɗe baki, Dalhatu ya miƙe.

"Hajiya Dakta, kin daina nema."

Ta dube shi daga hula zuwa silifa, ta ce, "Bari dai ka ji aikin, Malam. Bincike nake kan cinikin da ke tsakaninmu da Nijar. A da ɗan kasuwa mai ƙarfi yake nema, wanda zai ɗauki buhu. Ina so in san yanzu wa yake nema: wanda ya iya waya ne, ko mai jin yare biyu, ko wanda ya iya tantance riɗi. Abin da muka gano shi za a duba a san sana'ar da za a koya wa matasan nan."

"Abin da na daɗe ina gaya musu ke nan! Waya ita ce komai!"

Ubale ya ce, "Jiya fa cewa ka yi waya ce ta lalata duniya."

"Wannan jiya ne. Kai juya shayinka."

Dakta ta ciro wata faffaɗar waya mai kama da faranti. Ta ce tambayoyin suna ciki, shi dai ya karanta wa mutum ya danna amsa. Mutum talatin take so kafin Asabar, ranar da za ta tara 'yan kasuwa a Maigatari. In aikin ya yi kyau, za ta ɗauke shi na wata shida.

"Wannan jan ɗigon da kake gani a sama kuma..."

"Dakta, kada ki wahalar da bakinki. Mutumin da ya sarrafa tafireta mai maɓalli arba'in da huɗu, faranti ne zai gagare shi?"

A gida ya zaunar da Bilkis ya zana mata yadda abin zai kasance. Wata shida zai zama shekara. Daga nan ofis a Kano mai fanka biyu. Daga nan Yamai, inda zai riƙa sasanta ƙasashe in sun saɓa kan kuɗin fito.

Bilkis ta ce, "Allah ya sa, Malam. Kawo na'urar in nuna maka yadda ake kunna ta."

"Ke da zoɓonki. Wannan aikin ilimi ne."

"To ka juya ta. A kife ka riƙe."

Ran Talata ya sa babbar riga ya hau motar Gagarawa. Maimakon ya bi masu riɗi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka gaya masa, sai ya ga hakan ya yi wa matsayinsa kaɗan. Ya taka benci a tsakiyar rumfuna, ya ɗaga na'ura sama, ya ce, "Jama'a! Daga sama aka turo ni in ɗauki sunayen manoma da 'yan kasuwa!"

Kalmar sunaye kaɗai jama'a suka ji. Kafin a ce me, labari ya kai har unguwannin bayan gari cewa an zo rabon taki. Masu keke suka jingine keke, masu awo suka bar mudu a buhu, har wani mai aski ya taho da wanda yake yi wa, rabin kai fes rabi da gashi.

Dalhatu ya ji daɗi ƙwarai. Ya dubi dattijon da ke gaba ya karanta, "Baba, wace irin ƙwarewa kake nema a wurin wanda zai yi maka aiki?"

"Buhu biyu, ranka ya daɗe. Na kamfa."

"Ba taki nake tambaya ba. Ƙwarewa!"

"To in kamfa ya ƙare, a ba ni yuriya."

"Baba, babu taki! Bincike ne!"

Sai wata murya daga baya ta ce, "Ya karkatar da takin ke nan."

"Dubi wuyansa," in ji wata mata mai ƙosai. "Wannan ba wuyan mai azumi ba ne."

Benci ya tafi gabas, Dalhatu ya tafi yamma. Da ƙyar ya tsira, ya faɗa bayan wata a-kori-kura mai awaki da ke shirin tashi, ya kwanta a tsakiyarsu har Gumel. Hannun rigarsa na hagu ya kwana a Gagarawa.

Ubale ya ce, "Masani, ina sauran rigar?"

"Ƙauna ce. Kowa so yake ya taɓa ni."

"To wannan warin fa?"

"Turaren can ne. Ba za ka gane ba."

Ran Laraba ya ce gara daji, inda mutane ke da natsuwa. Ya hau babur zuwa wata ruga a ƙasar Sule Tankarkar, wurin wani makiyayi mai suna Sajo, wanda aka ce yana kai shanu kara a Maigatari. Fulatancin Dalhatu duka bai wuce kalma huɗu ba, su ma a bakin masu nono ya tsince su. Ya tarar da Sajo, dattijo mai farin gemu, yana zaune a kan buzu. Ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Jam wali, nagge!"

Sajo ya waiga bayansa, ya dubi garke, ya dawo da ido kan baƙo. Ya ce da Hausa garau, "Malam, ni kake gaisarwa ko ita? Nagge dai saniya ce."

"A Fulatancin manya, girmamawa ce."

"To. Mu namu na ƙanana ne."

Duk da haka Sajo ya sa aka kawo masa fura. Da Dalhatu ya karanta tambayoyin yadda suke, da an rabu lafiya. Amma sai ya ga ya kamata ya ƙara tasa.

"Shanu nawa gare ka?"

"Mu ba a yi mana wannan tambayar."

"Ba komai. Masani zai ƙirga da kansa."

Ya kutsa cikin garke yana nuna shanu da na'ura. Yatsansa ya taɓa wani wuri, fitila ta haska fau a idon wani baƙin bijimi mai ƙaho kamar hannun kujera. Bijimin ya sunkuyar da kai. Bishiyar da ta fi kusa aduwa ce, kuma Dalhatu bai tsaya tambayar ko tana da ƙaya ba.

Awa biyu ya yi a sama. Bijimi na ƙasa yana tonon ƙasa da kofato. Sajo ya jawo buzunsa zuwa inuwar, ya ciro waya daga aljihu, ya ɗauki hoton bajimai biyu ya tura wa wani dillali a Dungas ta Nijar, ya kira wani a Kano ya ji farashi, ya sake kiran na Dungas, suka daidaita, duk bai tashi daga zaune ba.

Daga kan reshe Dalhatu ya ce, "Malam Sajo, tunda dai muna tare, bari in yi maka tambayoyin daga nan."

Sajo ya mayar da waya aljihu. "Ka tambayi nagge."

Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari, kuma a nan Dalhatu ya sa ran fanshewa. Ya isa yana tafiya a tattale saboda ƙaya. Manyan motoci sun yi layi, babura na kutsawa tsakanin raƙuma, ana ta ciniki da naira da sefa. Ya fara da Alhaji Habibullah, shugaban masu sayen riɗi, mutum mai ƙaton ciki da murya kamar ana jan tebur a kan siminti. Alhaji ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya ci gaba da duba sikeli. Ya je wurin Hajiya Yelwa mai atamfa da sabulu, maƙwabciyarsu a Gumel. Ta ce, "Dalhatu, ka matsa min daga gaban kaya, kana tare min masu saye."

Can ya hango wani dogon mutum mai rawani a kan tarin buhunan kanwa, da ganinsa daga tsallake yake. Ya gyara hula.

"Bonjur, mushe! Sa ba?"

Fuskar mutumin ta washe. Ya kama hannun Dalhatu ya kwararo Faransanci kamar an fasa randa. Dalhatu bai kama ko kalma ɗaya ba, amma ya lura mutanen Gumel uku sun tsaya kallo, har da Hajiya Yelwa. Don haka duk inda mutumin ya ja numfashi sai ya ce, "Wi." Mutumin ya nuna buhuna. "Wi." Ya nuna wata babbar mota can nesa. "Wi, wi!"

Mutumin ya tafa hannu. Ƙarti biyu suka ɗaga buhun kanwa suka ɗora wa Dalhatu a ka.

Ya so ya yi magana, amma magana tana nufin ya yarda bai ji ba. Ya cije, ya soke na'ura a wando, ya kai buhun mota. Ya dawo aka ɗora na biyu. Hajiya Yelwa ta rangaɗa guɗa. A na uku gwiwoyinsa suka fara gaisawa da juna. A na huɗu ya zube, shi da buhu, ya tashi fari fat kamar an tsoma shi a gari.

Mai rawani ya rugo ya ɗaga shi. "Kai bawan Allah, in ba ka iyawa ka ce mana! Na tambaye ka ko kai ne ɗan dakon da aka turo min, ka ce wi. Na ce buhu arba'in ne, ka ce wi."

"Au! Kana jin Hausa?"

"Ni da aka haifa a Damagaram? Kai ne ka tare ni da nasaranci, na ce wataƙila baƙo ne."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Dalhatu ya zauna a bayan teburin Ubale ya duba na'ura. Cikin mutum talatin, bai samu ko ɗaya ba.

Ubale ya ce, "Ka je ka gaya wa baiwar Allah gaskiya."

"Wace gaskiya? Mutanen nan duk na san abin da za su ce. Wahalar da su kawai zan yi. Zubo min mai kauri."

Ya rubuta sunan Alhaji Habibullah. Tambayar farko ta ce, ka yarda a saurari amsarka a bainar jama'a? Ya danna e, ba tare da ya gama karantawa ba. Ya karanta ta biyu da muryarsa, sannan ya tura ciki gaba, ya kumbura kumatu, ya amsa da muryar Alhaji. Ubale ya saki ludayi ya riƙe ciki. To Dalhatu kuwa in ya ga ana dariya ba ya iya tsayawa. Ya yi Alhaji, ya yi Hajiya Yelwa, ya yi Sajo, ya yi mai rawani da Faransancinsa. Da sunayen da ya sani suka ƙare, ya shiga ƙirƙira. Kafin la'asar ya gama talatin cif, jan ɗigon nan yana ta ƙyaftawa a sama, shi kuwa ya ɗauka ado ne.

Ran Asabar zauren ƙungiyar 'yan kasuwa ya cika. Alhaji Habibullah na kujerar gaba. Hajiya Yelwa na ɓangaren mata, kusa da Bilkis, wadda aka gayyata a matsayin mai zoɓo. Sajo ma ya zo da sandarsa. Dalhatu ya makara da gangan don a ga shigowarsa, ya miƙa wa Dakta na'ura da hannu biyu.

"Talatin, Dakta. Da kin ce ɗari ma."

Dakta ta yi murna. Ta jona na'urar da majigi, taswirar yankin ta fito a bango. Ta yi bayani cewa kowane ɗigo yana nuna inda aka zauna da mutum. Na sauran ma'aikatan biyu sun warwatsu, wasu a Gagarawa, wasu a bakin iyaka. Ta danna na Dalhatu. Ɗigo talatin suka hau kan juna a wuri guda, a bakin tashar Gumel.

Ta gyara tabarau. "Malam Dalhatu, naka duk a wuri ɗaya suke."

"Tara su na yi, Dakta. Ni ba na bin mutane, su ke bi na."

Alhaji Habibullah ya ɗaga gira. Dakta ta ce, "To madalla. Na ga har Alhaji ya yarda a saurari amsarsa. Bari mu fara da babba."

"A saurara?" in ji Dalhatu. "Ai dannawa kawai ake yi."

"Tana ɗaukar murya mana. Shi ne jan ɗigon."

Lasifika ta yi ƙara. Aka ji Dalhatu yana tambaya, "Alhaji, kana amfani da waya a cinikinka?" Sai muryar Alhaji Habibullah ta cika zauren, sak, har da jan majinar da yake yi kafin magana: "Ni waya tsoro take ba ni. In ta yi ƙara ƙarƙashin filo nake tura ta. Uwargida ce ke danna min, ita ce ma ke gaya min farashin riɗi, ni dai nawa ɗaga ciki." Daga baya aka ji ƙarar cokali a kofi da dariyar Ubale.

Zauren ya fashe. Alhaji ya miƙe yana nuna lasifika da carbi. "Wallahi ban faɗa ba! Yaushe na faɗa?"

Wani daga baya ya ce, "Amma Alhaji muryarka ce."

"Muryata ce, amma ba ni ba ne!"

Dalhatu ya yi tsalle ya fizgi na'ura don ya kashe. Ya danna nan, ƙara ta ƙaru. Ya danna can, sai ga siririyar muryar Hajiya Yelwa: "Ni ma'aikacin da nake nema shi ne wanda ya iya rantsuwa. Atamfar Kano ce, amma in mutanen Nijar sun zo sai a ce daga Dubai." Hajiya Yelwa ta cire takalmi ɗaya ta riƙe, amma dariya ta hana ta jifa. Ya sake dannawa. Aka ji Sajo yana kukan saniya. Sajo na gaske ya gyara riƙon sandarsa.

Dalhatu ya haɗa yatsu biyar ya danna gaba ɗaya. Sai muryar Ubale ta fito tar: "Masani, don Allah yi mana na Dakta!" Aka ji gyaran murya, sannan wata murya ta hanci ta ce, "Wannan jan ɗigon da kake gani... ni ma ban san amfaninsa ba, a jami'a aka ce in riƙa faɗa."

Har direban Dakta sai da ya fita waje ya dafa bango. Ita kuwa ta bari aka gama dariya, ta zare waya daga lasifika, ta miƙa hannu. Dalhatu ya ba ta na'ura.

"Malam Dalhatu," ta ce, "da ban kunna wannan ba, da na rubuta wa hukuma cewa 'yan kasuwar Maigatari tsoron waya suke, a koya wa 'ya'yansu rantsuwa. Talatin ɗin nan duk na soke su."

"Dakta, ai gwaji ne. So nake in ga ko na'urar tana aiki."

"Tana aiki," in ji Bilkis daga ɓangaren mata.

Ta taga Dalhatu ya fita, don Alhaji Habibullah ya riga shi zuwa ƙofa.

Aikin ya koma hannun Bilkis, ta gama shi cikin kwana huɗu. Dalhatu ya yi sati bai leƙa tasha ba, ya ce nazari yake. A rana ta takwas Hajiya Yelwa ta yi sallama a gidan, ta ce a kira mata shi. Ya fito yana kare kai da hannu.

"Sauke hannunka," ta ce. "Muryar Alhajin nan, za ka iya sake yin ta?"

Alhamis ta gaba, Alhaji Habibullah yana ratsa layin masu atamfa da baƙinsa biyu daga Damagaram, sai ya ji kansa yana magana daga wata lasifika a saman rumfar Hajiya Yelwa: "Jama'a, ni da kuke ji, ba na wanka sai da sabulun Yelwa! Shi ya sa nake sheƙi!" Mata sun yi cincirindo a gaban rumfar, har da na tsallake, ana ta miƙa hannu. Ɗaya daga cikin baƙin ya matso ya shinshina kafaɗar Alhaji, ya gyaɗa kai, ya shiga layi.

Da yamma Dalhatu ya dawo ƙarshen bencinsa da sabuwar hula, ya ce a zubo masa mai kauri da ƙwai biyu.

"Kun gani ko? Binciken ya gano ƙwarewar da ake nema, kuma a jikina aka same ta. Yanzu haka muryata ta tsallaka iyaka, ba fasfo ba kwastan."

Ubale ya ce, "Muryarka ko ta Alhaji?"

"Duk ɗaya ne. Shi ajiye ta kawai yake yi, ni ke juya ta."

"To ka yi masa bayani da kanka," in ji Ubale, yana nuna titi da ludayi. "Ga motarsa can ta tsaya."

Kafin Alhaji ya buɗe ƙofar mota, babu kowa a ƙarshen bencin. Ƙwai biyun nan, Ubale ne ya cinye su.